Daɗaɗɗen ciwon baki da haɗarin sankara: Abin da ya kamata mutanen Tambuwal da Kebbe su sani

A cikin cututtukan da ke kama baki akwai wani da ba ya kwantar da mutum, ba ya hana shi fita kasuwa ko zuwa ofis, amma yana iya zama tare da shi shekara 10 ko 20. Yakan fara da wasu fararen zane-zane a cikin kumatu. Daga baya sai mutum ya lura cewa yajin tsire, ko miyar da aka sa wa attarugu, ko shayi mai zafi suna yi masa raɗaɗin da bai saba ji ba. Ciwon yakan lafa na wasu watanni, sannan ya dawo. Da yawa kan ɗauka zafi ne ya yi musu yawa, ko basir ne ya hau sama, su sha jiƙo ko su sayi ƙwaya a kyamis, su ci gaba da harkokinsu.

Likitoci na kiran wannan ciwo laikin filenas na baki. Ba sankara ba ne, kuma mafi yawan masu fama da shi za su ƙare rayuwarsu ba tare da ya zama sankara ba. Duk da haka, masanan da ke aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya sun sanya shi cikin jerin larurorin baki da ke iya rikiɗewa su koma sankara. Ga mazauna ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato, inda ganin ƙwararren likitan baki ke buƙatar tafiya mai nisa, sanin lokacin da ya kamata a yi wannan tafiya yana iya zama dalilin tsira da harshe, da muƙamuƙi, da ma rai.

Mene ne laikin filenas?

Wani likitan fata ɗan Ingila mai suna Erasmus Wilson ne ya bayyana ciwon ya kuma raɗa masa suna a shekarar 1869. Ya ga ƙurajen sun yi kama da wani tsiro dangin gansakuka da ke shimfiɗuwa a jikin dutse da ɓawon itace, daga nan sunan ya samo asali. A 1895 wani likita a Faransa, Louis Wickham, ya yi bayanin fararen layukan da ke fitowa a kansu, waɗanda har yau da su ake fara gane ciwon.

Tushen matsalar yana cikin garkuwar jiki. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne farautar cuta su kashe ta. A wajen mai wannan ciwo, sai su juya su riƙa kai hari ga ƙwayoyin halittar da ke can ƙasan fatar cikin baki, wato waɗanda ke haifar da sabuwar fata. Wannan farmaki da ba ya ƙarewa shi ne ake nufi da daɗaɗɗen kumburi, ko da ido bai ga wurin ya tasa ba.

Ciwon yana zuwa da siffofi daban-daban. Wadda aka fi gani ita ce ta fararen layuka masu sarƙaƙiya kamar saƙar leshi, galibi a cikin kumatu biyu, dama da hagu. Wannan sau da yawa ba ta da zafi, har mutum ya daɗe bai san da ita ba. Akwai wadda fatar kan yi ja ta siranta, musamman a dasashi, har ya riƙa zubar da jini idan an yi asuwaki. Akwai kuma mai gyambo, wadda fatar ke saɓulewa ta bar miki mai raɗaɗi, ita ce ke hana cin abinci. Wata kuma takan fito kamar farin tabo shimfiɗaɗɗe a kan harshe. Wasu masu ciwon kan samu ƙuraje masu ƙaiƙayi a wuyan hannu ko ƙwauri, waɗanda a baƙar fata sukan bar tabo mai duhu bayan sun warke. Yakan kuma shafi farce, fatar kai da al'aura.

Bincike ya nuna kimanin mutum 1 cikin 100 ne ke da shi a duniya. Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 40, kuma mata sun fi maza samun sa. Ba a ɗaukar sa ta cin abinci a kwano ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko zaman aure. Babu dalilin ƙyamar mai shi, ko a ware mata kwanonta a cikin gida.

Girman haɗarin a lissafi

Tun a 1910 wani likitan Faransa, Hallopeau, ya ba da rahoton sankarar da ta tsiro a kan wannan ciwo. Masana sun daɗe suna muhawara a kai. A 1978 wasu masu bincike a Amurka suka sake duba rahotannin da aka tara, suka ce da yawa daga cikinsu tun farko ba laikin filenas ba ne, wani tabo ne mai kama da shi da ya riga ya kama hanyar lalacewa. Wannan muhawara ta yi amfani, domin ta sa aka tsaurara ƙa'idojin gane ciwon.

A 'yan shekarun nan an haɗa sakamakon bincike masu yawa wuri guda. Wani nazari da masana na Jami'ar Garanada ta ƙasar Sifen suka wallafa a 2019 ya gano cewa kashi 1.14 cikin 100 na masu ciwon ne suka samu sankarar baki. Wani da aka wallafa a 2020 ya samu kashi 1.4. A taƙaice, cikin kowane mutum 100 masu ciwon, ɗaya ne ko biyu ake sa ran zai rikiɗe musu, kuma galibi bayan shekaru.

Idan aka ɗora wannan ƙiyasi na duniya a kan baligai 100,000, kusan 1,000 ne za su kasance da ciwon, kuma tsakanin 10 zuwa 15 daga cikinsu ne za su iya samun sankara ta dalilinsa. Ƙidayar 2006 ta nuna Tambuwal na da mutum fiye da 220,000, Kebbe kuma fiye da 120,000, kuma jama'a ta ƙaru sosai tun daga lokacin. Ke nan ba za a rasa ɗaruruwan masu wannan ciwo a garuruwa irin su Tambuwal, Dogon Daji, Jabo, Sanyinna, Kebbe da Kuchi ba, ko sun san sunansa ko ba su sani ba.

Yana da kyau a gwada wannan haɗari da na sauran tabban baki. Nazarin na 2020 ya nuna farin tabon da ba ya gogewa, wanda aka fi gani a bakin masu taba, yakan rikiɗe a wajen kusan mutum 1 cikin 10. Jan tabo mai laushi kamar karan-miski ya fi kowanne muni cikin waɗanda aka saba gani, domin kusan 1 cikin 3 kan zama sankara. Matsalar ita ce duk waɗannan suna iya kama da juna a idon wanda bai ƙware ba. Mutum ba zai iya zama a gida ya yanke wa kansa hukuncin cewa nasa mai sauƙin ne ba.

Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 kusan mutum 390,000 ne suka kamu da sankarar baki da leɓe a duniya, kimanin 188,000 kuma suka rasu. Bambancin da ke tsakanin masu tsira da masu rasuwa ya fi rataya a kan lokacin ganowa. A ƙasashen da ke adana irin waɗannan alƙaluma, fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka gano tasu tun tana wuri ɗaya sukan wuce shekara 5 a raye. Idan ta bazu zuwa sassan jiki masu nisa, waɗanda ke kai wannan lokaci ba sa kai rabi.

Yadda kumburi ke komawa sankara

Fatar cikin baki tana sabunta kanta cikin makonni kaɗan. Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu, sai ta kwafi bayanan gado da ke cikinta, kuma a kowane kwafi ana iya samun kuskure. A jikin mai lafiya akwai tsarin da ke gyara kuskuren, ko ya hallaka ƙwayar da ta lalace.

A wurin da kumburi ya daɗe, abubuwa uku kan haɗu. Na farko, ana ta kashe ƙwayoyin halitta ana maye gurbinsu cikin gaggawa, don haka kwafi ya yawaita, kuskure ma ya yawaita. Na biyu, ƙwayoyin garkuwar da suka taru a wurin suna fitar da sinadarai masu ƙuna waɗanda ke yi wa bayanan gadon lahani. Na uku, fatar da ta siranta ko ta saɓule ta daina zama shinge, duk wata guba da ta shiga baki tana isa ga ƙwayoyin da ke ƙasa kai tsaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Idan kurakuran suka taru a ƙwaya ɗaya har ta daina jin umarnin tsayawa, sai ta riƙa hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Wannan ita ce sankara. Fiye da kashi 90 cikin 100 na sankarar baki daga wannan fata ta sama take tasowa. Shi ya sa nau'in ciwon mai ja da mai gyambo suka fi haɗari a kan mai fararen layuka kawai, kuma wanda ya fito a harshe, musamman gefensa, ya fi buƙatar sa ido.

Abubuwan da ke ƙara wa wutar makamashi

Taba ce kan gaba. Sigari, shisha da tabar da ake tura wa a tukunya duk suna ɗauke da sinadaran da aka tabbatar suna jawo sankara. Garin tabar da ake haɗawa da kanwa a ɗana a leɓe ko a kumatu ya fi shafar wannan batu kai tsaye, domin yana zama a kan fatar na tsawon lokaci, kanwar kuma tana taimaka wa sinadaran su ratsa ta. Cibiyar Liyon ta sanya tabar da ba a kunna wa wuta a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara. Wani babban bincike da aka gudanar a Najeriya a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin 100 na baligai na amfani da taba ta wata hanya. Dattawan da ke ganin garin taba ya fi sigari sauƙi, da matasan da ke ganin shisha ƙamshi ce kawai, duk suna cikin haɗari ɗaya.

Giya ita ma tana rukunin farko, kuma idan ta haɗu da taba haɗarin yakan ninka ƙwarai.

Game da goro, ya kamata a bambance shi da wani ɗan itace da ake taunawa a Indiya, Fakistan da maƙwabtansu, wanda ake naɗewa a ganye da farar ƙasa. Wancan an tabbatar yana jawo sankarar baki da wani ciwo mai sa fatar baki ta ƙandare har mutum ya kasa buɗe shi. 'Yan kasuwar da ke zuwa Dubai ko Indiya, da masu zuwa Umara, sukan gamu da shi a ƙananan ledoji masu ƙamshi, kuma abin gudu ne. Goron da muka sani ba ya cikin wancan jeri. Sai dai yana rina baki, rinin kuma yana iya ɓoye tabon da ya kamata a gani. Haɗa shi da taba kuwa ya mayar da shi wani abu dabam.

Akwai alaƙa tsakanin laikin filenas da ciwon hanta nau'in C, wadda aka fi lura da ita a Italiya, Sifen da Japan. Masu ɗauke da cututtukan biyu sun fi fuskantar haɗarin rikiɗewa. Don haka likita kan iya neman a yi gwajin jini, kuma wannan ciwon hanta a yau yana da maganin da ke warkar da shi.

Wani abin da ya shafi ma'aikata da 'yan kasuwar da shekaru suka fara ja shi ne magunguna. Wasu magungunan hawan jini, na ciwon suga, na ciwon gaɓoɓi da ma wasu tsofaffin magungunan zazzaɓin cizon sauro suna iya haifar da tabo mai kama da laikin filenas. Haka ma cikon haƙori na ƙarfe mai launin azurfa, idan yana gogar kumatu ko harshe. Irin wannan tabo yakan fito a gefe ɗaya, kuma bincike ya nuna haɗarinsa ya ɗan ɗara na ainihin ciwon. Wanda ya yi zargin maganinsa ne kada ya daina sha da kansa, domin barin maganin hawan jini na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ya tattara duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya, ya kai wa likita ya duba ko akwai wanda za a musanya.

Karyayyen haƙori mai kaifi, haƙorin roba da bai zauna daidai ba, da dattin da ya daskare a gindin haƙora suna tsokanar ciwon su hana shi lafawa. Yawan damuwa da rashin barci su ma sukan tayar da shi.

Alamomin da ba a jira da su

Mai laikin filenas yakan saba da yadda bakinsa yake, don haka abin da zai sa wa ido shi ne canji. Daga cikin alamomin da ke buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba akwai:

Gyambon da ya wuce mako 2 zuwa 3 bai warke ba, ko da ba ya ciwo.

Wurin da ya yi tauri idan an taɓa, ko gefensa ya tasa kamar bakin tulu.

Tsiro ko ƙullutu a harshe, ƙarƙashin harshe, dasashi ko ganɗa.

Tabon da ya cakuɗa ja da fari, ko ya fara girma a gefe ɗaya.

Zubar jini ba dalili, ko haƙori ya fara girgiɗi ba tare da ruɓewa ba.

Mutuwar leɓe ko harshe, wahalar haɗiya, ko kasa buɗe baki sosai.

Ciwon kunne a gefe ɗaya da ya ƙi jin magani.

Kaluluwa a wuya mai tauri, marar zafi, wadda ta ƙi sacewa.

Babban abin da ke yaudarar mutane shi ne sankarar baki a farkonta sau da yawa ba ta da zafi. Ƙurjin da ke hana barci yakan kai mutum asibiti, wanda ya yi shiru kuwa sai a bar shi har ya yi jijiya.

Duba baki ba ya buƙatar kuɗi. Musulmi yana kurkure bakinsa a alwala sau da dama kowace rana, kuma asuwaki al'ada ce da aka gada. Abin da ya rage shi ne a ware rana ɗaya a wata, a tsaya gaban madubi da fitilar waya. A wanke hannu, a cire haƙorin roba idan akwai, a ɗaga leɓen sama a janyo na ƙasa, a buɗe kumatu dama da hagu, a zaro harshe a dubi gefunansa biyu da ƙarƙashinsa, a ɗaga kai a dubi ganɗa, sannan a shafa wuya daga ƙasan kunne zuwa ƙashin wuya. Duhun dasashi da aka taso da shi tun yarinta launin halitta ne a wajen baƙar fata. Ɗaukar hoton tabon da waya duk wata yana taimaka wa likita ya ga ko yana sauyawa.

Gwajin tsoka da maganar "daji ba ya son ƙarfe"

Hanya mafi tabbaci ta sanin abin da tabo ya ƙunsa ita ce a yanki ɗan ƙaramin yanki a duba shi a madubin likita. Ana yin allurar kashe zafi a wurin, a ciri abin da bai wuce ƙwayar dawa ko wake ba, a yi ɗinki ɗaya ko biyu, mutum ya koma gida a ranar. Da wannan gwaji ake bambance laikin filenas da masu kama da shi, a kuma ga ko ƙwayoyin sun fara sauya kama. Idan tabon ya canza bayan shekaru, ana iya sake yin sa.

A ƙasar Hausa an daɗe ana cewa ciwon daji ba ya son allura ko ƙarfe, wai da zarar an taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Ana iya fahimtar inda wannan magana ta samo asali. Mutane da yawa ba sa isa asibiti sai ciwon ya ci ƙarfinsu, idan aka yi aiki suka rasu ba da daɗewa ba, sai dangi su ɗora laifin a kan wuƙar likita, alhali cutar ta riga ta bazu tun kafin a zo. Gwajin tsoka ba ya mayar da tabo sankara, kuma ƙin yin sa ne ke ba ta lokacin yaɗuwa.

Abin da ke cutarwa shi ne abubuwan da ake zubawa a kan gyambo a gida: kanwa, alif, garin ƙwayar kafso, ruwan batir, ko a danna ƙwayar asfirin a kan dasashi. Waɗannan suna ƙona fatar, su sauya kamannin ciwon, su wahalar da mai dubawa. Haka ma tsaga ko sakiya a kan kaluluwar wuya. Wanzamai da masu maganin gargajiya su ne mutane da yawa ke fara zuwa wajensu, don haka za su yi babban taimako idan suka riƙa tura duk mai gyambon bakin da ya haura mako 3 zuwa asibiti. Addu'a da neman magani tare suke tafiya.

Magani da bibiya

Laikin filenas ba shi da maganin da ke tumɓuke shi gaba ɗaya, amma ana iya kwantar da shi. Mai fararen layuka marasa zafi sau da yawa ba ya buƙatar komai sai sa ido. Mai ja ko gyambo akan ba shi maganin rage kumburi na shafawa ko na kurkurawa a tofar, dangin sitiroyid. Idan ya yi tsanani akan ƙara da na sha na ɗan lokaci. Wannan magani yana buƙatar kulawar likita, domin yawan amfani da shi yakan jawo farin ƙurajen funfuna a baki, na shan kuma yana iya tayar da suga da hawan jini. Man shafawa na fata da ake sayarwa a kasuwa, musamman na masu sauya launin fata, bai dace da cikin baki ba ko kaɗan.

A lokacin da ciwon ya motsa, a rage yaji, tsami, abinci mai tururi da busasshen abu mai kaifi irin su ƙilishi da ƙuli-ƙuli. Kunu, fura, tuwo mai laushi da miyar da ba ta da yaji sun fi sauƙin ci. A yi amfani da buroshi mai laushi, ko a tauna asuwaki ya yi laushi sosai kafin a goga. Cin ganye da 'ya'yan itatuwa, irin su zogale, alayyafo, gwanda da kankana, yana cikin abubuwan da bincike ya danganta da raguwar haɗarin sankarar baki.

Lafawar zafi ba ta nufin an sallami mutum. Ƙwararru na ba da shawarar a riƙa komawa a duba baki aƙalla sau ɗaya a shekara, ko duk wata 6, masu gyambo da masu taba kuma fiye da haka, gwargwadon abin da likita ya tsara. Wannan bibiya ta tsawon rai ce, kamar ta hawan jini.

Idan gwaji ya nuna sankara, babban magani shi ne tiyata. Ƙaramar da aka gano da wuri ana iya yanke ta mutum ya ci gaba da magana da cin abinci kusan yadda ya saba. Wadda ta girma kan buƙaci cire wani ɓangare na harshe ko muƙamuƙi, da gashi, da maganin da ake ɗurawa ta jijiya, tare da watanni na jinya.

Daga Tambuwal da Kebbe, ina za a nufa?

Matakin farko shi ne asibiti mafi kusa, a nemi a duba bakin da fitila, a kuma karɓi takardar turawa zuwa gaba idan akwai abin zargi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da sashen haƙori da tiyatar fuska da muƙamuƙi, da ɗakin gwajin tsoka, da sashen kula da masu sankara. Daga Tambuwal tafiyar kusan kilomita 100 ce ta Shagari da Boɗinga. Daga Kebbe ta fi haka, ga kuma matsalar tsaro da ta taɓa wasu ƙauyukan yankin. Ga wasu, asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi ta hanyar Jega ya fi kusa.

Ɗan kasuwa yakan auna ranar da zai rufe shago da kuɗin mota, ya ga kamar asara ce. Lissafin da ya kamata ya yi shi ne na rana ɗaya ko biyu a yanzu, da na watannin jinya da ke iya cinye jari gaba ɗaya nan gaba. Ma'aikatan gwamnati su bincika abin da inshorar lafiyarsu ta ƙunsa, ko ta hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ko ta hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Sakkwato, tun kafin buƙata ta taso.

Tun da mata ne ciwon ya fi kamawa, nauyi na musamman ya hau kan magidanta da manyan 'ya'ya. Uwa ko matar da ta rage cin abinci, ta daina taɓa yaji, ta fara rama, mai yiwuwa bakinta ne ke damun ta take haƙuri. Wadda ciwon ya shafe ta har a al'aura kunya kan hana ta faɗa, sai a nema mata ma'aikaciyar lafiya mace. 'Yan kasuwa da ma'aikatan da ke zaune a Sakkwato, Kaduna, Abuja ko Legas, idan suka je gida hutun Sallah, su tambayi iyayensu lafiyar bakinsu, musamman masu ɗana taba.

Abin da hukumomi za su iya yi

A jihar Kerala ta Indiya an horar da ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba, suka riƙa bi gida-gida suna duba bakin mutane da fitila. Sakamakon da aka wallafa a 2005 ya nuna mace-macen sankarar baki sun ragu da kusan kashi 34 cikin 100 a tsakanin masu taba da giya. Kayan aikin ba su wuce fitila, safar hannu da ɗan katakon danne harshe ba.

Sakkwato tana da abin da za ta ɗora a kai. Asibitin Yara na Noma da aka kafa a birnin a 1999, wanda ƙungiyar likitocin nan ta MSF ke tallafa wa tun 2014, ya sa an saba da aikin wayar da kai da neman masu ciwon baki a ƙauyuka, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Noma cuta ce dabam da ta fi kama ƙananan yara masu tamowa, amma ma'aikacin da aka koya wa duba bakin yaro ana iya koya masa duba na kakarsa. Idan aka sa duba baki na minti 2 cikin abin da ake yi wa duk wanda ya zo awon hawan jini ko suga a asibitocin Tambuwal da Kebbe, aka kuma tsara ranar da likitan haƙori zai riƙa zuwa daga Sakkwato, za a gano masu tabo da yawa tun ciwon bai wuce gyara ba. Aiwatar da dokar taƙaita shan taba ta 2015, wadda ta haramta sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18, zai rage masu shiga haɗarin tun daga tushe.

Kafin hakan ta samu, abin da ke hannun kowa shi ne ya san bakinsa, ya bar taba kowace iri ce, kuma ya riƙe ƙa'idar mako 3: duk gyambo ko tabon da ya wuce wannan wa'adi bai gushe ba, a kai shi ga likita. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare masu lafiya.